pH ya yi ƙasa a tankin murjani: iskar waje, kalkwasa, soda-layim ko ciyawa?

Idan na'urar awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ta nuna 7.8 da asuba a tankin murjani, abin da ke fara zuwa wa mai tanki a rai shi ne ya nemo wata kwalba ya tsiyaya a ruwa. Sau da yawa kuwa ruwan ba shi da laifi, iskar ɗakin ce ta lalace. Duk hanyoyin da ake bi wajen ɗaga pH aiki ɗaya suke yi ta fuskoki daban-daban: ko dai su hana iskar CO2, wadda muke fitarwa da numfashi, shiga ruwa, ko su cinye wadda ta riga ta shiga. Bambancinsu yana ga kuɗin da suke ci, da hatsarin da ke tattare da su, da irin tankin da kowace ta dace da shi.

Abu biyu ne ke yanke pH na ruwan gishiri: alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na tare tsami, wanda ake aunawa da dKH, da yawan CO2 da ya narke a ciki. A saman teku pH yana wajen 8.1, alkaliniti kusan 7 dKH, iskar waje kuma tana ɗauke da CO2 kimanin 420 ppm, wato kashi 420 cikin miliyan. A gidan da aka rufe tagogi ana kunna na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumamawa, adadin kan haura 1000, wani lokaci har 1500 ko fiye. Baligi ɗaya yana fitar da kusan kilo guda na CO2 a yini, ga murhun gas, ga dabbobin gida. Ruwan tanki kuwa kullum ƙoƙarinsa ya yi daidai da iskar da ke taɓa shi. Duk lokacin da CO2 ya ninka, pH kan sauka da kusan 0.3 idan alkaliniti bai canza ba. Tankin da zai zauna a 8.2 da iskar waje, sai ka same shi a 7.9 a falon da mutum biyar ke zaune a ciki, ba tare da an yi wani kuskure a kula da shi ba.

Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗe ka. Saukar 0.3 a ma'aunin pH na nufin tsamin ruwan ya ninka sau biyu. Murjani mai ƙashi, irin su Acropora da Montipora, yana gina ƙashinsa ne da kalsiyam kabonet, kuma aikin yana ƙara masa nauyi yayin da ruwa ke ƙara tsami. A 2016 an wallafa sakamakon wani gwaji da Rebecca Albright da Ken Caldeira da abokan aikinsu suka yi a tsibirin One Tree na ƙasar Ostireliya, inda suka zuba sodiyam haidroksaid a ruwan da ke ratsa murjani don mayar da shi kusa da yadda yake kafin zamanin masana'antu. Ginin ƙashi ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Wato ribar gaskiya ce, amma ba irin wadda za a jefa tanki cikin hatsari saboda ita ba. Tankuna da yawa suna rayuwa lafiya lau tsakanin 7.8 da 8.0 muddin alkaliniti da kalsiyam suna nan daram. Idan murjani mai laushi ne ya fi yawa a tankinka, kuma pH ba ya faɗuwa ƙasa da 7.8 ko da asuba, ni dai shawarata a bar kaza cikin gashinta. Wanda ke ganin 7.6 ko 7.7 a kai a kai, ko wanda ke kiwon murjani mai ƙashi yana son saurin girma, shi ne wannan kwatancin ya shafa.

Kafin ka kashe ko sisi, tabbatar lambar gaskiya ce. Sandar awon pH tana kaucewa da tsufa, kuma yawanci bayan shekara ɗaya zuwa biyu sai an canza ta. A saita ta da ruwan saiti na 7 da na 10, sabo daga leda, domin na 10 da zarar an buɗe shi ya fara shan CO2 yana sauka. Kayan gwaji na ɗigo masu canza launi ba su da kaifin da za su raba 7.9 da 8.1. Sannan lokacin awo ma magana ne: pH ya fi ƙasa dab da kunna fitilu da safe, ya fi sama dab da kashe su, kuma tazarar 0.1 zuwa 0.3 tsakanin dare da rana ba abin damuwa ba ce.

Sai gwajin kofi, wanda masanin sinadarai Randy Holmes-Farley ya yaɗa a tsakanin masu kiwon murjani. Ka ɗebi ruwan tanki a kofi, ka fita da shi waje, ka sa masa dutsen iska, wato wanda ke fitar da kumfar iska a ruwa, na tsawon awa ɗaya, ka auna. Ka sake ɗiban wani ka yi masa haka a cikin ɗakin, kusa da tanki. Idan na waje ya tashi, na ɗaki bai tashi ba, iskar gidan ce matsalar. Idan duka biyun sun tashi, tankin ne ba ya samun isasshiyar musayar iska. Idan babu wanda ya motsa alhali lambar tana ƙasa, to ka koma kan alkaliniti ko kan sandar awon kanta. Wannan awa biyun ya fi kowace na'ura amfani, don shi ne zai nuna maka wace hanya ce taka.

Mu fara da mai sauƙi. Idan kofin cikin ɗaki ma ya tashi, gyaran bai wuce a cire murfin gilashi a sa na raga ba, a juya famfo ɗaya ya riƙa kaɗa saman ruwa, a kawar da maiƙon da ke kwanciya a sama, a buɗe wa kabad ɗin tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin babban, kafar shan iska. Amma idan iskar ɗakin ce mai laifi, ƙara kaɗa ruwa ba zai haifar da ɗa mai ido ba. Zai ma iya sauke pH na rana, saboda yana ƙara cusa wa ruwan CO2 ɗin da murjani da gansakuka suka cinye.

Buɗe taga ita ce hanyar da ta fi kowace arha, kuma ita kaɗai ce ke gyara matsalar daga tushe, domin tana canza iskar da ke taɓa ko'ina: saman tanki, magudanar ruwa, tankin ƙasa, da injin kumfa da ake kira sikima. Mutanen gidan ma za su ci moriyarta. Cikas ɗinta yanayi ne. Inda ake tsananin sanyi ko zafi ko ƙura, taga ba ta zama a buɗe, kuma pH zai riƙa hawa da sauka gwargwadon buɗewa da rufewa. Mai hali, kuma mai gidan kansa, yana iya sa na'urar musayar iska wadda ke shigo da ta waje tana fitar da ta ciki ba tare da asarar ɗumi ko sanyi mai yawa ba. Aiki ne babba, amma ga mai babban tanki a gida mai rufi ruf, babu abin da ya kai shi. Tukwanen furanni a ɗaki kuwa a manta da su. Abin da suke ci bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da numfashin mutum ɗaya.

Ƙanwar buɗe taga ita ce a ja tiyo daga bakin shan iskar sikima zuwa waje. Sikima, wato injin kumfar nan da ke kwashe datti, yana cakuɗa iska mai yawa da ruwa, don haka idan iskar da yake sha ta waje ce, pH kan ɗan tashi, yawanci 0.1 zuwa 0.2. Tiyo da mahaɗi kawai za a saya, ba wani abin da ke ƙarewa. Sai dai a kula da abu uku. Doguwar tiyo siririya tana shaƙe sikima, don haka a yi amfani da bututu mai faɗi a tsawon tafiyar, a rage shi a ƙarshe. Bakin da ke waje ya kalli ƙasa kuma a sa masa raga saboda ruwan sama da ƙwari. Na uku shi ne mafi muni: duk abin da ke cikin iskar waje, ko feshin maganin ƙwari ko hayaƙin mota ko na janareta, kai tsaye zai shiga ruwa. Gwangwanin gawayin tacewa a kan hanyar yana rage wannan hatsari, ba ya kawar da shi gaba ɗaya. Sannan a sani cewa sikima yana cire CO2 ta ƙasa, saman tanki yana shan na ɗaki ta sama, kamar mai kwarfe kwale-kwale mai yoyo. Ƙaramin sikima a tanki mai faɗin sama ba zai yi wani tasiri ba.

Wanda ba shi da hanyar fitar da tiyo, misali ɗan haya ko wanda tankinsa ke tsakiyar gida, shi ne ake nuna wa soda-layim. Ƙwayoyi ne farare, yawancinsu kalsiyam haidroksaid da ɗan sodiyam haidroksaid, irin waɗanda ake sawa a injin sa barci na ɗakin tiyata da kayan numfashin masu nutso. Ana zuba su a gwangwani a haɗa da bakin iskar sikima, su tsotse CO2 kafin iskar ta shiga ruwa. Ta fuskar ƙarfi ya fi iskar waje, tunda iskar da ke fita daga cikinsa kusan ba ta da CO2 sam, ba 420 ba. Ana iya samun tashin 0.1 zuwa 0.3 cikin kwana ɗaya, kuma ba ya taɓa alkaliniti kai tsaye.

Amma abin ci ne mai ƙarewa, kuma a gida mai cunkoso yana iya ƙarewa cikin mako ɗaya ko biyu. Ƙwayoyin yawanci suna komawa launin shunayya idan sun ƙoshi. Launin yakan koma fari bayan an ajiye su su huta, ka ɗauka da sauran ƙarfi alhali sun mutu. Lambar pH ce shaidar da za ka yarda da ita. Suna kuma buƙatar ɗan danshi kafin su yi aiki sosai, shi ya sa wasu ke ɗaukar iskar da ke fita daga kofin sikima su mayar da ita cikin gwangwanin. Wannan dabara tana tsawaita rayuwar ƙwayoyin sosai, domin iskar tana da danshi kuma an riga an tace ta. Hatsarinta shi ne ranar da sikima ya yi ambaliya: ruwan dattin zai bi tiyo ya ratsa soda-layim ya koma tanki da kaifi mai kisa. Duk mai yin haka dole ya sa kwalbar tarko a tsakani, ko makunnin da ke kashe sikima idan kofi ya cika. A ganina soda-layim magani ne mai aiki, amma haraji ne da za ka yi ta biya muddin tankin yana nan, kuma ranar da ka manta canji pH zai faɗo a dare ɗaya.

Yanzu ga hanyar da na fi ba wa nauyi ga mai murjani mai ƙashi. Tunda ko ta yaya sai ka ƙara wa tankinka alkaliniti kullum, me zai hana ka zaɓi irin wanda ke cin CO2 a kan hanya? Sinadarai uku ake amfani da su, kuma bambancinsu a fili yake. Sodiyam baikabonet, wato bekin soda, ba ya cin CO2 ko kaɗan, har yakan ɗan sauke pH lokacin da aka zuba. Sodiyam kabonet yana ci. Haidroksaid kuwa yana cin ninki biyu na abin da kabonet ke ci, a kan alkaliniti iri ɗaya. Mai amfani da ruwan ɗigo kashi biyu, wato kwalbar alkaliniti daban ta kalsiyam daban, wanda na baikabonet ne, canzawa zuwa na kabonet kaɗai yana iya ba shi abin da yake nema ba tare da sabuwar na'ura ba. Ana ma iya mayar da bekin soda kabonet ta hanyar gasa shi a tanda na awa ɗaya a zafin digiri 150 ko sama.

Kalkwasa shi ne haidroksaid ɗin da aka fi sani, kuma tun shekarun 1970 masu kiwon murjani a Turai ke amfani da shi. Garin kalsiyam haidroksaid ne ake kaɗawa a tataccen ruwa marar gishiri, kimanin giram 1.5 zuwa 2 a kowace lita. Idan ka bar shi ya kwanta za ka ga abu uku a bokitin: ɓawo siriri a sama inda ya haɗu da iska, ruwa garai-garai a tsakiya, da farin laka a ƙasa. Na tsakiyar ake so. pH ɗinsa ya kai wajen 12.4, kuma yana kawo kalsiyam da alkaliniti tare, daidai gwargwadon yadda murjani ke cin su. Yana da arha ƙwarai, ba ya ƙara gishiri a ruwa kamar yadda sinadaran sodiyam ke yi a hankali, yana kuma ɗan taimakawa wajen rage fosfet.

Iyakarsa biyu ce, kuma su ne za su gaya maka ko ya dace da kai. Ɗauki tanki mai lita 400 wanda lita 4 ke ƙafewa daga cikinsa kullum. Idan ka maye gurbin lita huɗun nan duka da cikakken kalkwasa, ka ƙara kusan 1.1 dKH na alkaliniti da kusan 8 ppm na kalsiyam. In tankin yana cin wajen 1 dKH a rana, to faɗuwa ta zo daidai da zama: ka biya buƙatar murjani, ka kuma ɗaga pH a kyauta. In kuwa sabon tanki ne mai 'yan murjani da ke cin 0.2 ko 0.3 kawai, kalkwasan da za ka iya zubawa kaɗan ne, tasirinsa a pH ma kaɗan ne, kuma in ka matsa alkaliniti zai haye sama. A ɗaya ɓangaren, tankin da ya cika da Acropora yana cin 2 ko 3 dKH, ƙafewar ruwa ba za ta ba ka filin zuba abin da ya isa ba, sai ka haɗa da ɗigon kashi biyu. Wasu kan koma ga sodiyam haidroksaid a nan, tunda ana iya haɗa shi da kauri. Yana aiki, amma yana ƙona fata, yana makantar da ido, yana yin zafi idan ana narkar da shi. Ba na wanda ya fara jiya ba ne, kuma ba na gidan da yara ke kai hannu ko'ina ba.

Yadda ake zuba kalkwasa ya fi yawansa muhimmanci. Mutane da yawa suna sa shi a cikin ruwan na'urar da ke cike gurbin abin da ya ƙafe. Da sauƙi, amma ƙafewa tana canzawa da yanayi, don haka alkaliniti zai riƙa bin ta, kuma ranar da makunnin ya maƙale lita da yawa za su kwarara lokaci guda. Ruwa ya yi fari fat kamar madara, pH ya haura 8.6, a yi asara. Famfon ɗigo mai ƙayyadadden adadi ya fi aminci nesa ba kusa ba. A raba ɗigon a tsawon awanni, a fi ba da ƙarfi da dare lokacin da pH ke ƙasa, a ɗiga inda ruwa ke gudu da ƙarfi, nesa da hita da bakin famfo don kada farin ɓawo ya daskare a jikinsu. Idan tsautsayi ya afku, a tsayar da ɗigon, a ƙara kaɗa ruwa, in abin ya yi tsanani a sa ruwan khal, wato binega, kaɗan-kaɗan ana aunawa. Kalkwasa ba ya kawo magnisiyam, don haka a riƙa duba shi ya zauna wajen 1250 zuwa 1350 ppm.

Ciyawar teku hanya ce ta daban. Ana shuka Chaetomorpha a wani sashe na tankin ƙasa, a kunna mata fitila da dare lokacin da ta babban tanki ke kashe. Tana cin CO2 daidai lokacin da kifi da murjani da ƙwayoyin cuta ke fitar da shi, don haka amfaninta ya fi fitowa wajen cike ramin asuba fiye da ɗaga lambar rana. Tana kuma cin naitret da fosfet, dattin da ke taruwa daga abinci da kashin kifi, wanda alheri ne ga mai kifi da yawa. Amma dunƙulen ciyawa kamar ƙwallo a ƙarƙashin fitila mai rauni ba zai motsa komai ba. Sai da fili, da haske mai ƙarfi, da yawan yanka. A tankin da naitret da fosfet suka riga suka yi ƙasa, ko dai ciyawar ta yi fari ta narke, ko ta ƙarasa cinye ɗan abin da ya rage, murjani ya koɗe, ƙwayoyin dainofilajilet masu lulluɓe tanki da yauƙi su samu ƙofa. Wanda dama yake neman maganin naitret, ya jefi tsuntsu biyu da ita. Wanda pH kaɗai ke damunsa, ba nan zai fara ba.

Kwalaben da ake sayarwa da sunan masu ɗaga pH ko masu tsayar da shi a 8.3 kuwa, alkaliniti ne kawai a wata riga. Ka zuba, lamba ta tashi na 'yan awanni, ruwa ya sake shan CO2 na ɗaki, ta dawo kusan inda take, alkalinitin da ka zuba kuma yana nan. Lissafin ma bai goyi bayansu ba: daga 7 zuwa 8 dKH ribar ba ta wuce 0.05 ba, daga 7 har 11 ma ba ta kai 0.2 ba. Mai maimaitawa kullum zai wayi gari a 14 ko 15 dKH, bakin rassan murjani ya ƙone, garin neman gira a rasa ido. Wasunsu ma suna ɗauke da boret, wanda ke sa gwajin alkaliniti ya nuna fiye da abin da murjani ke iya amfani da shi. Amfaninsu ɗaya: idan alkaliniti ne da kansa ya faɗi ƙasa da 7.

Akwai kuma tankunan da mai su ne ke zuba CO2 da hannunsa. Na'urar narkar da kalsiyam tana aiki ne da tulun CO2, kuma ruwan da ke fita daga cikinta yana wajen 6.5. Ƙara mata gwangwani na biyu, ko ɗiga ruwan nata a sashen ciyawa ko kusa da sikima, yana ragewa, kuma haɗa ta da kalkwasa tsohuwar dabara ce mai kyau, ɗaya na saukewa ɗaya na ɗagawa. Haka mai ɗiga khal ko barasa don rage naitret, ƙwayoyin cutar da yake ciyarwa CO2 suke mayar masa.

Idan ni ne zan jera, ga tankin da kofin waje ya nuna iskar gida ce: taga ko tiyon waje tukuna, tunda kusan kyauta ne. Sannan in duba abin da tankin ke ci. In ya kai rabin dKH a rana ko fiye, in mayar da alkalinitina kalkwasa ta famfon ɗigo, ko aƙalla kabonet. Soda-layim sai in waɗannan biyun sun gaza ko ba su yiwu ba, ko kuma tankin sabo ne da ba ya cin abin da zai ɗauki kalkwasa. Ana iya haɗa biyu ko uku, amma ɗaya bayan ɗaya, a bar mako guda ko biyu tsakani, in ba haka ba ba za ka san wadda ta yi aikin ba.

Ko wace ka ɗauka, ka sa ido kan alkaliniti kullum a makonni biyun farko. Da zarar pH ya tashi murjani da jan gansakukan dutse za su ƙara ci, farin ɓawo ma zai ƙaru a jikin hita da famfo, don haka adadin ɗigon da ya ishe ka a 7.9 ba zai ishe ka a 8.2 ba, kuma famfunan za su buƙaci wanki da khal ko sitirik asid fiye da yadda ka saba.